Miliwat 200 daga Zariya, da yadda raɗa ta tsallake teku

Shekaranjiya bayan isha'i ɗan wana ya leƙo ɗakin da nake tara tarkacena, ya tsaya yana kallon wani gwangwanin madara da na haɗa 'yar na'urar aika siginar rediyo a ciki, yana kan tebur, waya ta fito daga cikinsa ta bi ta taga ta hau darbejiyar tsakar gida, yace Baffa wai da gaske wannan abun ne aka ji a Burazil? Nace masa shi ne. Yace to ina injin yake, nace ai shi kenan injin, babu wani a ƙarƙashin gado. Ya buɗe murfin ya leƙa ya ga 'yan taransista uku da koyil da wani ɗan allo da bai kai akwatin ashana biyu ba, ya ɗan yi shiru sannan yace ai cajar wayarsa ma ta fi wannan wuta. Kuma gaskiya ya faɗa, cajarsa wat 10 take bayarwa, abun da gwangwanin nan ke turawa cikin eriya kuwa miliwat 200 ne, wato kashi ɗaya cikin 50 na cajar tasa. Tambayoyin da ya dinga jero min a daren ne suka sa nace bari in zauna in rubuta labarin daga farko.

Ni dai a gindin rediyo na tashi kaman yawancinmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata mai batir huɗu da aka ɗinka wa riga ta fata, ƙarfe takwas da rabi na dare in ta yi zai zauna kan tabarma a ƙofar gida ya zaro eriya ya fara murɗa a hankali yana neman Landan, dattawan layinmu su kewaye shi. Muryar takan zo tangaran, can sai ta fara nutsewa kaman mai magana ya juya baya, sai ta dawo, shi kuma yace iska ce ke kaɗa ta. Abun da ya tsaya min a rai tun lokacin shi ne da rana a mita 16 ko 19 yake samun su, da dare kuma sai ya gangaro mita 41 ko 49, sannan a matsakaicin zango da rana Kaduna kawai ake ji da na kusa, amma dare na yi sai tashoshin Larabawa su cika wurin. Na tambayi manya da dama, amsar dai ita ce dare ya fi shiru. Akwai gaskiya a ciki amma ba ita kenan ba.

Wanda ya fara ɗora min ƙarfen narka dalma a hannu wani dattijo ne mai gyaran rediyo a Tudun Wada, Baba muke ce masa. Mutumin nan bai yi boko mai nisa ba amma in ya kara kunne a rediyo zai ce maka ɗan nan duba kafasitan can na kusa da taransifoma, kuma shi ne. A wajensa na koyi karanta kalar razista, da yadda ake cire kaya daga mataccen allo ba tare da an ƙona su ba. Kun sha gani a Facebook ana yaɗa hoton yaro ya haɗa gidan rediyon FM a ɗakin uwarsa unguwa na ji, to nima ta nan na bi, kuma nan yawancinmu muke tsayawa, don FM iyakarta inda eriya ke hangowa, in ta nufi sama ratsawa take ta wuce ba ta dawowa. Gajeren zango kuwa dawowa yake. Wannan dawowar ita ce duk maganar.

Da na fara karance-karance na gano akwai wata duniya guda ta masu rediyon sha'awa, Turawa na ce musu ham, mutanen da gwamnati ke ba lasisi su haɗa na'urar aikawa su yi magana da junansu, ba talla ba kasuwanci ba siyasa. Kuma tarihin ya ban mamaki. A 1912 Amurka ta yi doka ta kora su zuwa mita 200 da abun da ya yi ƙasa, don a lokacin masana na ganin gajeren zango ba ya zuwa ko'ina, dogon zango ne na manya, na jiragen ruwa da kamfanoni. Kaman a ba ka fako a ce je ka noma. To a watan Nuwamba 1923 wani Bafaranshe Léon Deloy a birnin Nis ya yi magana da Fred Schnell a Amurka, kowa na jin kowa, a wajen mita 100, da kayan da ba su kai ƙurar na kamfanoni ba. Daga nan kowa ya ruga gajeren zango. BBC ta buɗe shirinta na ƙetare a 1932, sashen Hausa ya zo a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Wato hanyar da muryar Landan ke bi ta iso tabarmar mahaifina, 'yan ƙire-ƙire a ɗakunan gidajensu ne suka fara nuna tana ɓullewa. Tun da na san wannan na daina ganin abun a matsayin wasan yara.

Yanzu ga amsar tambayata ta yarinta, yadda na yi wa ɗan wana bayani. Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, iska siririya ce ƙwarai, hasken rana in ya doke ta sai ya ɓalle mata ƙwayoyin lantarki ta zama mai caji. Ana kiran wurin ayonosfiya. Wasu masana biyu, Kennelly da Heaviside, ne suka yi hasashensa a 1902, shekara guda bayan Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro rediyo, yace ya ji an buga harafin S daga Ingila yana tsibirin Nufanlan, can tsallaken tekun Atlantika, sai Appleton ya tabbatar da shi a 1924, har ya samu Nobel a 1947. Hawa-hawa ne. Na ƙasa, D, tsotse sigina yake kaman soso, kuma da rana kawai yake nan, rana na faɗuwa ya watse, shi ya sa matsakaicin zango ke mutuwa a kusa da rana ya yi nisa da dare. Na can sama, F, wajen kilomita 250 zuwa 400, shi ne mai lanƙwaso sigina ya dawo da shi ƙasa. In ya sauko sai ƙasa ko ruwan teku su sake cilla shi sama, ya sake dawowa. Tsalle ɗaya na iya kai kilomita 4,000. Wallahi duk wanda ya fara fassara abun da kalmar zango ya iya Hausa, don tafiyar fatake ce sak, a tashi a yada zango a sake tashi, kuma a kowane zango ana barin wani abu, shi ya sa sigina ke raguwa, kuma ruwan gishiri ya fi rairayin Sahara mayar da shi da ƙarfinsa. Nutsewar da muryar ke yi kuwa, siginar ce ta zo ta hanya biyu ko uku masu tsawo daban-daban, wani lokaci su haɗu su ƙarfafa juna wani lokaci su kashe juna. Mahaifina bai yi nisa da gaskiya ba da yace iska ce.

Wani abun da ya fi ɗaure wa yaron kai, a mita 20 ana ji na a Jamus amma mutumin Kaduna, kilomita 80 daga nan, ba zai ji ni ba. Siginar ta tsallake kansa, ta ƙasa ba ta kai gare shi ba, ta sama kuma ta sauka can gaba da shi nesa.

Na'urar aikawa ta farko da na haɗa ta gajeren zango taransista ɗaya ce tal, da kiristal ɗaya mai tsayar da ita a kan firikwensi guda, da koyil da na naɗa a guntun bututun roba. Amurkawa na yawan haɗa irinta da kiristal na 3.579 megahaz don a tsofaffin talabijin ɗinsu yake kyauta, kuma ya faɗo daidai cikin mita 80 na masu sha'awa. Na tafi wajen Baba na kwashe sati ina farke matattun talabijin, duk wanda na ciro sai in ga 4.43, ashe tsarin launi na talabijin ɗinmu daban ne da nasu, kuma 4.43 ba wurinmu bane, ba a yarda ka aika komai a nan ba. Ranar da na gaji Baba yace ɗan nan me kake nema ne haka, na rubuta masa lambar a bayan kwalin sigari, ya duba ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar wayar tebur mai maɓallai, irin ta ofis ta zamanin da, yace buɗe wannan. Ga shi nan kuwa, 3.579545. Irin wayoyin nan da shi suke yin ƙarar lambobi. Na haɗa, maimakon eriya na sa razista 20 masu om 1,000 a jere kafaɗa da kafaɗa suka ba ni om 50, don wutar ta ƙare a nan ta zama ɗumi kar ta fita gari, na kunna rediyona ƙirar Tecsun a ɗaya ɗakin, na taɓa waya biyu, sai ga fiii siririya tsaf. Na taɓa na saki, na taɓa na saki. Har yau ban manta yadda ƙirjina ya buga ba.

Maganar razistan nan da gangan na kawo ta. Kafin in samu lasisi ban taɓa haɗa na'urar aikawa ta gajeren zango da eriya ba, kuma ina roƙon duk wanda zai bi hanyar nan kar ya yi. Samun takardar ya ci min lokaci da zirga-zirga da haƙuri, amma da ita ake ba ka alamar kira taka ta kanka wadda duk duniya babu mai irinta, namu na Najeriya da 5N suke farawa, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Cadi TT, Sudan ST. Sannan a halin tsaron da Arewa ke ciki, mutum ya ga waya ta miƙe a saman gidanka yana da haƙƙin ya tambaya. Kafin in ɗaure eriya sai da na je na gaida mai unguwa na nuna masa takarda, na kira maƙwabcina Alhaji na nuna masa komai da idonsa. Yanzu shi ne ma ke aiko yaro ya gaya min in iska ta karkatar da gorar.

A cikin masu sha'awar akwai masu kilowat da hasumiya, akwai kuma 'yan QRP, ni nan na faɗa. QRP tsohuwar alama ce ta masu buga tangaraho, ma'anarta rage wuta, yanzu ta zama sunan masu aiki da wat 5 ko ƙasa da haka. Wani limamin coci a Ingila, George Dobbs, ya kafa musu ƙungiya a 1974 tana nan har yau. Mutane na ɗauka wat 100 ya fi wat 5 nisa sau 20, ba haka lissafin yake ba. Sai ka ninka wuta sau huɗu kafin allurar da ke nuna ƙarfin sigina a wajen mai saurare ta ƙara taki ɗaya. Daga 100 ka sauko 25 taki ɗaya, ka sauko 6 da ɗan wani abu taki biyu. Shi kenan abun da ka rasa, taki biyu da ɗoriya cikin tara. In hanya a buɗe take za a ji ka, in a rufe take mai wat 100 ma kuka yake. Amma in faɗi gaskiya, don wasu 'yan QRP na da cika baki, rabin aikin na wanda ke saurare ne, shi ya kashe kuɗi a eriya ya kuma kasa kunne cikin hayaniya ya tsamo ka. Duk wanda ya amsa min sai na gode masa sau biyu.

Yaron ya tambaye ni to me ya sa BBC ke amfani da injin kilowat 250 a tsibirin Asanshan da ke tsakiyar tekun Atlantika in dai miliwat na isa. Tambaya mai kyau. Su murya suke aikawa da kiɗa, abu mai faɗi, kuma suna so ƙaramar Kchibo a hannun makiyayi ta kama kullum a kan lokaci, ko sama ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ni kuwa abun da gwangwanina ke faɗa bai wuce uku ba, alamar kirana, da inda nake, JK31 a taswirar da muke amfani da ita, da ƙarfin wutata. Kuma wannan ɗan saƙon sai ya ja shi a hankali har daƙiƙa 110 da ɗan kai, a wuri mai faɗin haz 6 kacal. Tsarin sunansa WSPR, ana furta shi kaman kalmar Turanci mai nufin raɗa, Joe Taylor ne ya fito da shi a 2008, masanin taurari ne da ya ci Nobel a 1993 kuma ɗan rediyon sha'awa tun yana yaro. Ka ɗauka kana tsakiyar kasuwar Sabon Gari ana ta hayaniya wani na can yana ja maka kalma ɗaya a hankali da murya ɗaya ba ya canzawa, kai kuma ka san irin muryar da kake jira. Kwamfuta na tsamo siginar da ta fi hayaniyar da ke kewaye da ita rauni sau ɗaruruwa, abun da kunne ba zai taɓa ji ba. Duk tashar da ta ji ka kuma sai ta tura rahoto intanet, ka buɗe taswira ka ga layi daga gidanka zuwa nata.

Haɗa shi bai yi wuya ba kaman yadda na zata, Arduino ɗaya, wato 'yar ƙaramar kwamfuta a kan allo, da ɗan allon Si5351 mai samar da firikwensi, da GPS don lokaci, tunda dole a fara aikawa a farkon minti mai cika biyu-biyu, in ka kauce da 'yan daƙiƙu ba mai gane ka. Sai taransista BS170 guda uku su ɗan ƙara wuta. Inda na sha wuya wajen tacewar da ake sawa kafin eriya ne. Si5351 ba ya fitar da sigina mai tsabta, in kana 14 megahaz, wato mita 20, yana zubar da wani a 42 da sama, wurin wasu, dole ka tace. Na ciro zobban koyil daga matacciyar fawa ta kwamfuta, masu ruwan ɗorawa da fari a gefe, na naɗa da wayar koyil ɗin fanka, sai na ga wuta na shiga ba ta fita, zobban na ɗumi. Ashe waɗancan an yi su ne don ƙaramin firikwensi, a namu cinye wutar suke. Sai da na yi odar zobban da suka dace, T37-6, na jira sati shida. Na kuma ƙona BS170 har sau biyu don na kunna ba tare da na haɗa komai a bakin eriya ba, wutar ta rasa wurin zuwa ta dawo kansu.

Eriyar kuwa ita ce abu mafi arha kuma mafi muhimmanci. Wayar wuta ce ta gida, mita 5 da 'yan santimita kowane hannu, tsakiya a ɗaure a gora a saman darbejiya, hannu ɗaya ya yi gabas ɗaya yamma, don irin wannan eriyar ta gefenta take harbawa, arewa da kudu kenan, Turai da Afirka ta Kudu. Wayar da ke saukowa ta dish ce, om 75, ta dace da ita sosai, sai dai ragar jikinta alminiyam ce ba ta kama dalma, da kan murɗawa irin na dikoda ake haɗa ta. Duk wanda ya zo min da maganar sayen amfilifaya nakan ce masa ɗaga wayarka sama da mita biyu tukunna ka gani.

Ranar da na fara sakin sa wani yammaci ne a watan Janairun 2024, hunturu ya yi hazo, gab da magariba. Na kunna na tafi masallaci. Na dawo na buɗe waya, taswira fayau ba komai. Na duba lokaci, na duba haɗi, komai daidai. Na ci tuwo ba na jin ɗanɗanonsa, na sake dubawa, sai ga layi uku sun miƙe arewa, Italiya, Jamus, da Ingila, ita kaɗai sama da kilomita 4,500. Na kira uwargida nace zo ki gani, ta duba tace to su waye, nace nima ban san su ba, tace kuma suka ji ka, nace suka ji ni. Daren nan ban yi barcin kirki ba, kafin asuba ga Burazil, ga gabashin Amurka. Bayan kwana tara kuma tashar binciken Jamusawa ta Neumayer da ke Antaktika, wadda ke da na'urar sauraron WSPR, ta saka ni a jerinta, kilomita 9,000 da wani abu, a kan ƙanƙara, daga gwangwanin madara da batirin sola. Na zauna na yi ta Subhanallahi, don ni na san ba ƙarfina bane, rufin nan da aka shimfiɗa a sama ne ya ɗauka ya kai.

Daga nan na fara rubuta abun da nake gani kullum a littafi, kuma a nan ne abun ya zama ilimi a wajena. Lokacin fitowar rana da faɗuwarta sun fi kowane lokaci albarka, don D ya watse ko bai gama haɗuwa ba F kuma na nan da ƙarfinsa, sai dai mu nan kusa da tsakiyar duniya wannan tagar gajeriya ce, magaribarmu ba ta jan lokaci. Da damina mita 80 da 40 ƙarar tsawa ce kawai ko hadarin na Jos ne, kuma da na ga gabas ta yi baƙi nake cire eriya in jefa bakinta waje. Da hunturu ƙura na goga waya ta tara caji har ta ɗan ja ka, na sa razista babba daga wayar zuwa ƙasa tana zubar da shi. Babbar matsalata dai hayaniyar cikin gari ce, inbata na sola, da caja mai arha, da ƙwan fitila marasa kyau, duk zuba shara suke a gajeren zango. In aka ɗauke wuta akwai 'yan mintuna kafin a tada janareta, a nan ne rediyo ke yin tsit ka ji tashoshin da ba ka san suna nan ba.

Na kuma yi sa'ar lokaci. Rana tana da zagaye na wajen shekara 11, tabonta su yi yawa su ragu, in sun yi yawa F ya yi kauri manyan firikwensi su buɗe. Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara a Disamba 2019 ya kai ganiyarsa a 2024. Amma ranar da ke bayarwa ita ke karɓewa, 10 da 11 ga Mayu 2024 aka yi guguwar rana mafi ƙarfi cikin shekara 20, Turawa na ta ɗaukar hoton jan haske a sama, ni kuwa taswirata ta koma kusan fayau, har na sauko da eriya ina neman inda ta tsinke. Lafiyarta ƙalau. Sama ce ta rikice, bayan kwana biyu ta dawo. Wani abun kuma namu ne na nan, layin tsakiya na maganaɗisun duniya ta cikin Najeriya ya ratsa, shi ya sa tun shekarun 1950 ake binciken ayonosfiya a Ibadan. Bayan faɗuwar rana samanmu kan yi wani irin ɓarɓashi, sigina ta dinga karkarwa, wasu dararen WSPR ya kasa karantuwa na awa biyu ko uku. Kuma ta saman kanmu ne masu sha'awa na kudancin Turai ke magana da na kudancin Afirka a 50 megahaz, firikwensin da a ƙa'ida bai kamata ya yi wannan nisan ba.

Abun da ke ci min rai shi ne taswirar kanta. Ka buɗe ta kowane lokaci, Turai ta cika maƙil har ba ka ganin ƙasa, Amurka haka, Japan haka, amma daga Dakar zuwa Khartum sai ka ƙirga tashoshi da yatsun hannu ɗaya, wata rana ma babu. Mu da muka fi kowa riƙon rediyo, manomi da ita a gona, mai gadi da ita a ƙofa, mai shayi da ita a tebur, shekara kusan 70 muna karɓar gajeren zango, amma a aikawa babu mu. Kuma ba hannu muka rasa ba, je ka Farm Centre a Kano ka ga yara na cire abun da ido da kyar ke gani daga allon waya su mayar. A Haidarabad ta Indiya akwai Ashhar Farhan, ya zauna ya tsara na'urar magana da ake kira BITX musamman don a iya haɗa ta da kayan da ake samu a kasuwar gari, har washa ta famfo ya yi amfani da shi a madadin zoben koyil, yau ana haɗa ta a duk duniya. Wanda ya haɗa FM a ɗakin uwarsa zai haɗa wannan, abun da ya rasa wanda zai ce masa ga hanya, da lasisin da zai samu ba tare da ya gaji ya bari ba. Wasu tsofaffin hannu na cewa WSPR ba rediyo bane tunda inji ne ke magana da inji. Na fahimce su, nima shi ya sa na koma koyon Mos, wato buga haruffa da hannu da gajeriyar ƙara da doguwa irin na tangaraho, amma ni shi ne ya fara nuna min cewa wayar da na ɗaure a darbejiya tana aiki.

Mos ɗin yanzu na kai kalma 12 a minti in an yi a hankali. A watan jiya na yi maganata ta farko da hannu a 14.060 megahaz, inda 'yan QRP ke taruwa, da wat 4, da wani dattijo a Sifen, sai da ya sa na maimaita alamar kirana sau uku don bai yarda 5N yake ji ba. Burina yanzu ba nisa bane, kusa nake nema. In ka sauko da eriyar mita 40 ƙasa-ƙasa siginar kan miƙe sama ta zubo kaman ruwan sama a kewayen kilomita ɗari biyar ko fi, babu tsallake kan kowa, wato Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram duk a ciki. Ina so wata safiya bayan asuba in buga kira a 7.030 megahaz wani ya amsa min daga 5U mu gaisa da Hausa. Na riga na yanke wayar, mita 10 da ɗan kai kowane hannu. Ɗan wana yace ranar Asabar zai zo ya hau bishiyar, na kuma ware masa taransista ɗaya da razista 20, sauran mu je Tudun Wada wajen Baba neman wata wayar tebur.